Ayn Rand: Marubuciyar da ta ce ba mai bin ta bashi, da manazartan da suka tono asalin tunaninta

Duk ranar Juma'a da yamma, da kuma Asabar da sassafe, hanyar da ta tashi daga Abuja ta ratsa Nyanya da Mararaba da Masaka ta nufi Keffi takan ɗauki wasu matafiya na daban. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da mataimakan 'yan majalisa da na ministoci, waɗanda suka rufe fayilolin ofis suka rataya jakar karatu, suna neman digiri na biyu ko na uku a Jami'ar Jihar Nasarawa. Kusancin garin da babban birnin tarayya, tafiyar kimanin kilomita 50, shi ya mai da jami'ar makarantar ma'aikata.

Idan lokacin rubuta kundi ya zo, batutuwan da ke kan teburinsu a ofis su ne ke biyo su aji: sayar da kadarorin gwamnati, janye tallafin man fetur, haɗe ma'aikatu, rage hannun hukuma a harkar kasuwa. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai tambaya guda da ta girme su: mene ne haƙƙin jama'a a cikin guminka, kuma ina iyakar ikon hukuma a kan aljihun ɗan ƙasa? A ƙarni na 20 ba a samu wanda ya amsa ta da kaifin harshe kamar wata marubuciyar ƙagaggun labarai mai suna Ayn Rand ba. Amsarta ita ce ba kowa ke da haƙƙi a cikin gumin wani ba, kuma aikin hukuma bai wuce gadi ba.

Shekara 40 ke nan da 'yan kai masana suna bin sawun wannan mata, suna neman inda ta samo tunaninta. Abin da suka tono yana da amfani ga duk wanda ke rubuta takardar manufa ko kundin digiri, domin ya nuna yadda ake yi wa ra'ayi tambayar da Bahaushe ke yi wa mai neman aure: daga wane gida ya fito?

Kantin maganin da aka ƙwace

An haife ta ranar 2 ga Fabrairu, 1905, a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha, a gidan Yahudawa masu rufin asiri. Sunanta na yanka Alisa Rosenbaum. Mahaifinta mai kantin magani ne. Tana da shekara 12 aka yi juyin juya halin 1917, kuma ba a jima ba sabuwar gwamnatin 'yan gurguzu ta ƙwace kantin da sunan talakawa. Iyalin suka gudu zuwa yankin Kirimiya, suka dawo a 1921 suka tarar da yunwa da layin karɓar abinci.

Juyin da ya raba mahaifinta da kantinsa shi ne kuma ya buɗe wa mata ƙofar jami'o'in ƙasar. Alisa tana cikin rukunin farko na matan da suka shiga Jami'ar Petrograd, inda ta karanta tarihi ta kammala a 1924. A farkon 1926 ta sauka Niyok da takardar izinin ziyarar dangi, ta zauna wajen 'yan'uwan mahaifiyarta a Shikago, sannan ta wuce Holiwud da sabon suna. A can ta yi ƙananan ayyuka a masana'antar fim, ta auri wani ɗan wasa mai suna Frank O'Connor a 1929, ta zama 'yar Amurka a 1931. Ba ta sake taka ƙasar Rasha ba har ta mutu ranar 6 ga Maris, 1982.

Littattafai biyu ne suka fito da ita. The Fountainhead, wanda ya fito a 1943 bayan kamfanonin ɗab'i 12 sun ƙi shi, labarin wani mai zanen gine-gine ne, Howard Roark, wanda ya gwammace ya fasa dutse a kwari da ya sauya zanensa don faranta wa wani. Da aka gurɓata masa zanen wasu gidajen gwamnati, sai ya tarwatsa ginin da nakiya, ya kare kansa a kotu, aka kuma sallame shi. Na biyun, Atlas Shrugged na 1957, ya haura shafi 1,000. A cikinsa masu ƙirƙira da masu masana'antu ne suka shiga yajin aiki ƙarƙashin jagorancin wani injiniya, John Galt, suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, suka bar wa jami'an gwamnati ƙasar har jiragen ƙasa suka tsaya, wutar lantarki ta ɗauke.

Daga waɗannan labarai ta tsamo falsafar da ta raɗa wa suna Objectivism. Ginshiƙanta huɗu ne: duniya tana nan yadda take ko mutum ya so ko ya ƙi, hankali kaɗai ne hanyar sani, manufar rayuwar mutum ita ce jin daɗinsa da cimma burinsa, ba sadaukar da kai don wani ba, tsarin da ya dace da wannan shi ne jari-hujja tsantsa, inda gwamnati ba ta da aiki sai 'yan sanda da soja da kotu. Ba ta yarda da Allah ba, kuma ba ta ɓoye ba. A wurinta kyauta ba laifi ba ce, amma ba wajibi ba ce, wanda ya sa ta yi hannun riga da duk tarbiyyar da ke ganin zakka haƙƙin matalauci ce a cikin dukiyar mawadaci. Littafin maƙalunta na 1964 ma sunansa kaɗai ya isa tsokana, domin cewa ya yi son kai halin kirki ne.

Jami'a ta juya mata baya

Miliyoyin mutane sun sayi littattafanta, amma malaman falsafa sun daɗe suna kau da kai. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ba ta bi ƙa'idar rubutun masana ba: ba ta cika kawo madogara ba, ba ta aika aikinta mujallun da ake tantancewa, kuma takan yanke wa manyan masana hukunci cikin jimla ɗaya. Immanuel Kant, wanda jami'o'i ke kallo a matsayin ginshiƙi, ita a wurinta shi ne mafi sharrin mutum a tarihin tunani, alhali masana Kant suna ganin ba ta karanta shi da kyau ba. Masu ra'ayin riƙau ma ba su karɓe ta ba. Sharhin da Whittaker Chambers ya yi wa Atlas Shrugged a mujallar National Review a 1957 ya zarge ta da irin kama-karyar da take ikirarin yaƙa.

Ita ma ba ta sauƙaƙa wa kowa ba. Almajiran da suka kewaye ta a Niyok sun zama tamkar 'yan ɗariƙa, kuma wanda ya saɓa mata akan yanke hulɗa da shi. Haka ta yi wa babban almajirinta Nathaniel Branden a 1968.

Cikin masanan farko da suka ɗauki hujjarta da muhimmanci akwai Robert Nozick na Jami'ar Harvard. Ko da yake ra'ayinsa na siyasa ya yi kusa da nata, a wata maƙala ta 1971 ya bi hujjarta daki-daki, ya nuna cewa kasancewar rai tushen duk wata daraja bai isa ya tabbatar da cewa kowa kansa kawai ya kamata ya yi wa aiki ba. Sai bayan mutuwarta aka fara nazari mai tsari. A 1984 Douglas Den Uyl da Douglas Rasmussen suka fitar da tarin maƙalun masana a kan falsafarta. A 1987 aka kafa ƙungiyar nazarinta mai alaƙa da Ƙungiyar Masana Falsafa ta Amurka. Daga 1999 zuwa 2023 an buga mujalla sukutum a kanta, Journal of Ayn Rand Studies. A 2006 Maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga littafin Tara Smith a kan tsarinta na ɗabi'a.

Sawun da ya koma Rasha

A bayanin marubuciya da ke ƙarshen Atlas Shrugged, Rand ta nuna cewa ba wanda ya taimake ta a gwagwarmayarta, kuma a fagen falsafa mutum ɗaya kawai ta amince yana bin ta bashi: Arisɗo, wanda Turawa ke kira Aristotle. Wannan ikirari shi ne ya zama abin da manazarta suka fi gwadawa.

Wanda ya fara girgiza shi sosai shi ne Chris Matthew Sciabarra, a littafinsa na 1995, Ayn Rand: The Russian Radical. Sciabarra ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Niyok a hannun Bertell Ollman, masanin Karl Marx, don haka ya san ƙamshin irin wannan tunani idan ya ji shi. Hujjarsa ita ce Rand ta yi watsi da abin da malamanta na Rasha suka koyar, amma ta riƙe hanyar da suke bi wajen tunani. Wannan hanya ita ce duban kowane abu a cikin dangantakarsa da sauran abubuwa, da ƙin yarda a raba jiki da ruhi, ko ilimi da aiki, ko siyasa da tattalin arziki da al'ada. Wato babbar maƙiyiyar gurguzu ta yaƙe shi ne da makamin da aka ƙera a maƙerar da ta ƙera shi.

Muhawarar ta fi zafi a kan mutum ɗaya, Nikolai Lossky, fitaccen malamin falsafa na Petrograd. Rand ta gaya wa masu rubuta tarihinta cewa ta ɗauki darasin falsafar mutanen dā a wurinsa. Matsalar ita ce hukuma ta hana Lossky koyarwa a jami'ar a 1921, shekarar da ta shiga, sannan ta kore shi daga ƙasar a 1922 tare da wasu masana. Sciabarra ya bi diddigi har ya samo takardar sakamakon karatunta daga ma'ajiyar Rasha, ya buga nazarinta a 1999. Takardar ta nuna darussan da ta ɗauka, har da na aƙidar Marx da aka wajabta wa ɗalibai, amma ba ta kashe gardamar Lossky ba. Almajiranta na Cibiyar Ayn Rand, wadda magajinta Leonard Peikoff ya kafa a 1985, sun yi fatali da littafin, suna ganin an jingina mata malaman da ta tsana.

Wasu sun tono abin da ya fi wannan ɗaci. A 1863 Nikolai Chernyshevsky ya rubuta wani ƙagaggen labari a kurkuku, wanda jarumansa ke bin abin da ake kira son kai na hankali. Littafin ya yi wa Lenin tasiri har ya ari sunansa ya sa wa wata ƙasidarsa ta 1902. Adam Weiner, a wani littafi na 2016, ya kawo hujjar cewa jaruman Rand masu taurin zuciya, da dogayen jawabansu, da aljannar duniyar da suka gina a ɓoye, jikokin wancan littafi ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko da ɗan ya canza alƙibla.

Abin da aka goge

Bashi na biyu na Friedrich Nietzsche ne, Bajamushen da ya ɗaukaka gwarzon mutum a kan taron jama'a. Rand ta karanta shi tun tana Rasha. Daga baya ta yi tir da shi saboda bai ɗauki hankali da daraja ba, kuma ya halatta wa mai ƙarfi ya taka raunana. Ta dai amsa, a gabatarwar bugun 1968 na The Fountainhead, cewa ta so buɗe littafin da wata jimlarsa kafin ta fasa. Amma manazarta sun gano fiye da haka. Da suka jera bugun farko na littafinta We the Living na 1936 da wanda ta sake fitarwa a 1959, sai suka ga an sassauta ko an cire wuraren da jarumar ke raina talakawa da harshen Nietzsche, alhali marubuciyar ta gabatar da gyaran a matsayin na lafazi kawai.

Masaniyar tarihi Jennifer Burns, wadda aka bai wa damar shiga ma'ajiyar takardun Rand, ta ƙara wani abu a littafinta na 2009, Goddess of the Market. Ta tarar cewa littafin tunaninta na yau da kullum da aka buga a 1997 ya sha gyara, har wasu jimlolin sun bambanta da abin da ke rubuce da hannunta. Burns ta kuma fito da rawar da Isabel Paterson ta taka. Paterson marubuciya ce a jaridar New York Herald Tribune, kuma a farkon shekarun 1940 takan kwana tana yi wa Rand bayanin tarihin Amurka da tsarin mulkinta da tattalin arziki. A 1948 suka ɓata, sunan Paterson ya dusashe a bakinta. A fannin tattalin arziki ta jingina da Ludwig von Mises, ta kuma tsani Friedrich Hayek saboda ya yarda gwamnati ta ɗan tallafa wa marasa ƙarfi.

Ko Arisɗon da ta amince da shi bai zo mata kai tsaye ba. Mutum na biyu da take girmamawa shi ne Thomas Aquinas, malamin Kirista na ƙarni na 13, wanda ya karanta Arisɗo tare da sharhin Ibn Rushd na Andalus. Ilimin manɗiƙi da ta sanya wa sassa uku na Atlas Shrugged sunayen ƙa'idojinsa, shi ne wanda malaman Musulunci suka yi ƙarnoni suna koyarwa, har ya iso zaurukan ƙasar Hausa, inda Sakkwato ta haifi masanin falsafa irin Abdulƙadir ɗan Tafa a ƙarni na 19. Matar da ba ta yarda da addini ba ta gāji malaminta ne ta hannun masu addini.

Akwai kuma bashin da ba na littafi ba. Dangin Shikago ne suka ba ta masauki. Cecil B. DeMille ne ya ba ta aikin farko a Holiwud. Wani edita, Archibald Ogden, shi ya sa aikinsa a kan layi don kamfaninsa ya karɓi The Fountainhead. A ƙarshen rayuwarta, bayan tiyatar kansar huhu a 1974, ta karɓi kuɗin fansho da na jinya daga asusun gwamnati. Masu kare ta suna cewa tun 1966 ta rubuta cewa wanda aka karɓi harajinsa da ƙarfi yana da damar karɓar abinsa. Masu suka suna cewa hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Yadda Imam ya yi da nasa bashin

Irin wannan bincike ba baƙo ba ne ga mai nazarin adabin Hausa. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981, shekara guda kafin Rand, shi ma an bi sawunsa. Ruwan Bagaja, ɗaya daga cikin littattafan da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar, yana ɗauke da inuwar Maƙamatul Hariri. Magana Jari Ce kuwa manazarta sun mayar da labarunsa da dama gidajensu na asali: Alfu Laila, Kalila wa Dimna, tatsuniyoyin 'yan'uwan Grimm na Jamus, da labarun aku na Indiya da Farisa.

Wannan bai rage wa Imam komai ba, domin bai taɓa cewa daga sama ya faɗo ba, kuma gwanintarsa tana cikin yadda ya sa wa baƙin labarai rigar Hausa har suka zama 'yan gida. Rand kuwa binciken ya taɓa ta a wuri mai ciwo, saboda ikirarin cewa gwarzo shi ke yin kansa shi ne zuciyar koyarwarta. Duk da haka, gano asalin ra'ayi ba ya ƙaryata shi. Tsoron da take yi wa hukumar da ba ta da linzami daga abin da idonta ya gani ya fito. Abin da binciken ke nunawa shi ne iyakar maganin: an haɗa shi ne don cutar Petrograd ta 1918.

Daga shafin littafi zuwa teburin hukuma

Da a ce tunaninta ya tsaya a kantin littattafai, da ba a damu ba. Alan Greenspan ya shiga da'irarta tun shekarun 1950, kuma maƙalunsa suna cikin littafinta na 1966 a kan jari-hujja. Ranar da aka rantsar da shi shugaban majalisar masu ba Shugaba Gerald Ford shawara kan tattalin arziki a 1974, Rand tana tsaye a gefensa. Ya shugabanci babban bankin Amurka daga 1987 zuwa 2006. A watan Oktoba na 2008, bankuna suna durƙushewa, ya amsa a gaban kwamitin majalisar wakilai cewa ya gano ɓaraka a tunaninsa: ya zaci son kan bankuna zai sa su kare masu hannun jarinsu da kansu. Paul Ryan, wanda ya zama kakakin majalisar wakilai a 2015, ya taɓa cewa ita ce ta ja shi shiga siyasa, sannan a 2012 ya nesanta kansa da falsafarta saboda rashin imaninta.

Sauye-sauyen da Najeriya ta gani ba daga littattafanta aka kwafo su ba. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da dokar sayar da kadarori ta 1988 da kwamitin Hamza Zayyad ya aiwatar, da dokar 1999 da Hukumar Sayar da Kadarorin Gwamnati ke aiki da ita, da miƙa kamfanonin rarraba lantarki ga 'yan kasuwa a 2013, da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, duk sun fi kusa da lissafin masana tattalin arziki da sharuɗɗan masu ba da lamuni. Abin da Rand ta bayar shi ne harshen ɗabi'a: cewa mai riba ba ya bukatar neman afuwa, kuma jami'in gwamnati kaska ne a jikin mai aiki. Keffi ma tana da nata ɗan gefen a wannan muhawara. Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wanda ya yi ƙuruciyarsa a siyasar PRP, a farkon mulkinsa a 2007 ne aka warware cinikin matatun man Kaduna da Fatakwal.

Ma'aikacin da ya karanta Atlas Shrugged zai ji zafi, domin ba a taɓa zana ɗan ofis da muni kamar Wesley Mouch ba, mutumin da bai iya komai ba sai hawa kujera. Amma idan ya daure zai ga cewa mugayen littafin ba jami'ai kaɗai ba ne. Akwai 'yan kasuwa irin James Taggart da Orren Boyle, waɗanda arzikinsu bai fito daga ƙera komai ba sai daga sanin wanda za a kira a babban birni don a ba su lasisi, a yafe musu haraji, a toshe abokin gasa. Wannan hoto ba ya bukatar fassara a Abuja, inda kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Da yawa daga masu ɗaga sunanta a yau suna neman gwamnati ta janye hannunta daga tallafin talaka, ta bar shi a kan nasu kwangilar, ita da kanta cikin mugayen za ta jera su.

Abin da littafin bai tanada ba shi ne amsar wanda aka haifa a ƙauyen da babu makaranta, babu asibiti, babu hanya, wanda ba a ƙwace wa mahaifinsa kanti ba domin bai taɓa mallakar kanti ba. Jarumanta sukan bayyana da iliminsu cikakke, ba a cika nuna wanda ya biya kuɗin makarantarsu ba. Ita kuwa an san inda ta yi nata karatun: jami'ar gwamnati.

Ɗalibin da ke komawa Abuja daga Keffi ranar Lahadi, da kundinsa a kujerar baya, Litinin zai zauna ya rubuta wa shugabansa shawara a kan abin da za a sayar da abin da za a riƙe. Kafin ya ari jimlar wani masani ya kafa hujja da ita, aikin Sciabarra da Burns ya bar masa tambayoyi uku: wa ya faɗe ta, me ya same shi har ya faɗe ta, kuma me ya goge a bugu na biyu.